Kilomita 42 a Legas ba tare da ƙwayar kashe ciwo ba

Wata shida kafin gasar gudun fanfalaki ta Legas, wani abokin cinikinmu, ɗan kasuwar gwari mai shekara 44, ya shigo kemis yana ɗingishi. Ya ce, "Hajiya, ba ni diclofenac mai ƙarfi, kati biyu." Na tambaye shi me ya samu ƙafar. Ashe niyyar shiga gasar ya yi, saboda tumbi ya dame shi, awon jininsa kuma ya fara haurawa. Mutumin da rabonsa da gudu tun yana sakandare, sai ya fara da kilomita goma kullum. Ba a yi sati ba gwiwa ta ce ba ta san zancen ba.

Ban ba shi ba. Na ce, "Alhaji, ka huta kwana goma, ka je likita ya duba zuciyarka da jininka, sannan mu yi magana."

Dalilina shi ne, diclofenac da ibuprofen da danginsu suna rage jinin da ke isa ƙoda. Mai gudun nesa kuwa tun asali jininsa ya karkata zuwa tsoka da fata, ga gumi yana zuba. Idan aka haɗa biyun a zafi da laimar Legas, ƙoda na iya samun rauni, ciki ma yana iya zubar da jini, balle ga mai olsa ko mai shan maganin hawan jini. Sannan ciwo saƙo ne. Ka toshe masa baki, sai ka ci gaba da taka ƙafar da ke neman hutu.

Da likita ya ba shi izini, ya sake lale. Gudu kwana uku a sati bayan sallar asuba, yana haɗawa da tafiya, doguwar fita kuma ranar Lahadi, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Sai a wata na biyar ya kai kilomita 30. Matarsa, wadda da farko ta ce abin haukan 'yan boko ne, ita ta koma jiƙa masa dabino tana haɗa masa ruwan gishiri da sukari a gora.

Gasar, wadda aka fara a 2016 kuma galibi ake yi a watan Fabrairu, a wancan lokacin tana tashi da sassafe daga babban filin wasa na Surulere, ta bi gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ta ƙare a Eko Atlantic. Tsawonta kilomita 42.195. Ya ce gadar ce ta fara koya masa hankali: ba inuwa, ba gida, ruwa hagu ruwa dama, kana gudu kamar ba ka motsi.

Wajen kilomita 32 ƙafafunsa suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun albasa. Wannan sananne ne ga masu gudun nesa: sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta ne ya kusa ƙarewa. Wani da ke gudu kusa da shi ya miƙo masa ƙwaya, ya ce ya haɗiya ya ji daɗi. Ya ce hannunsa har ya tafi, sai ya tuna maganar ƙoda. Ya ci dabino uku, ya kurɓi ruwansa, ya yi tafiya kamar minti goma, sannan ya sake ɗagawa.

Kurɓa na ce, ba ɗurawa ba. Masu gudu a hankali sukan cika ciki da zallar ruwa a kowace tasha har gishirin jini ya yi ƙasa, abin da ke kawo ciwon kai, amai da ruɗewa, har ya kai ga asibiti. A sha gwargwadon ƙishirwa. Duk wanda kuma ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan dogon gudu, asibiti zai nufa, ba kemis ba.

Ya kai ƙarshe cikin awa shida da 'yan mintoci. Ranar Litinin ya shigo da lambarsa a aljihu, farcen babban yatsa ya yi baƙi, yana hawa matakalar shagon a karkace. Na wanke masa bororon ƙafa, na ba shi farasitamol, na auna jininsa. Ya sauko. Yana ɗaure takalmi ya ce, "Hajiya, wai mata ma suna shiga. Uwargida ta ce in tambaya."