Katin Inshora da Takardar Magani a Zangon Kumasi

Duk wanda ya yi wayo a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango a shekarun 1990 ya san zamanin kuɗi hannu, lokacin da ba a miƙo wa majiyyaci ƙwaya ɗaya sai ya biya. Ba haka ƙasar Ghana ta faro ba. Bayan samun 'yanci a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta mai da jinya a asibitocinta kyauta. Da tattalin arziki ya durƙushe, gwamnatin Rawlings ta ɗora kuɗin asibiti mai nauyi a 1985, zuwa 1992 kuma sai majiyyaci ya biya cikakken kuɗin maganinsa.

Shugaba John Kufuor, haifaffen Kumasi, shi ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, wadda aka sabunta a 2012. Mafi yawan kuɗin shirin NHIS daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayan saye yake fitowa, sai wani kashi 2.5 daga kuɗin fanshon ma'aikata, sannan abin da masu sana'ar hannu ke biya duk shekara. Ke nan mahauci da tela da mai sayar da koko duk suna zuba kuɗi a asusun nan, ko suna da kati ko ba su da shi. Haƙƙinsu ne suke nema idan sun miƙa kati, ba sadaka ba.

Doka ta yafe kuɗin shekara ga yara 'yan ƙasa da 18, da dattawa masu shekara 70 zuwa sama, da marasa galihu, da mata masu ciki tun 2008. Jerin magungunan da shirin ya ɗauki nauyinsu ya haura 500, ciki har da na zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da ciwon suga. A 'yan shekarun nan an ƙara Hydroxyurea na masu sikila, kuma wannan ya shafi Kumasi musamman, don a nan Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai don gano cutar a 1995.

Inda gizo ke saƙar shi ne tagar karɓar magani. Likita ya duba ka da kati, ya rubuta takarda, a ce maka wannan babu, je ka saya a kemis. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Asibiti yana ba da magani bashi, hukumar NHIS ta biya shi daga baya bisa farashin da ita ta ƙayyade. Idan biyan ya yi watanni bai zo ba, dillalan magani sai su daina kawowa. Ga shi yawancin maganin da ake sha a Ghana daga waje ake shigo da shi da dala. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, a shekarar ce kuma kuɗin sidi ya faɗi warwas, farashin hukuma ya kasa kamo na kasuwa. Dokar 2017 da ta ba gwamnati damar rage abin da ke shiga asusun daga harajin ta ƙara dagula lamarin.

Mai zazzaɓin kwana uku zai iya jurewa. Wanda abin ke kayarwa shi ne gidan da ke da tsohuwa mai hawan jini ko magidanci mai suga, don maganinsu na kowane wata ne har ƙarshen rai. A irin waɗannan gidaje ake raba ƙwaya biyu, ko a sha yau a tsallake gobe, ko a koma ga sassaƙe, har ranar da shanyewar ɓarin jiki za ta kai mutum asibitin koyarwa na Komfo Anokye, inda kuɗin jinya ya ninka abin da aka yi tattali.

A 2025 gwamnatin John Mahama ta cire takunkumin dokar 2017 daga harajin, ta kuma kafa asusun MahamaCares don cututtuka masu tsadar jinya irin su daji da ƙoda. Mataki ne mai kyau, amma ni a ganina ma'auninsa guda ne: a biya asibitoci kan kari, a riƙa daidaita farashin jerin magunguna da na kasuwa.

Mu ma da namu aikin. Kati yana mutuwa bayan shekara, kuma tun 2018 ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. Ina roƙon limamanmu da sarakunan Zango da shugabannin mata su riƙa tunatar da jama'a a masallatai da wuraren suna da aure. Wanda aka caje shi kuɗin maganin da ke cikin jerin, ya karɓi rasit ya kai ƙara ofishin NHIS na gundumarsa.