Za a Sayar da Gida? Fara Gyara Daga Ƙofar Waje

Uwargida, mai sayen gida sau biyu yake zuwa, kuma zuwan farko ba ki san da shi ba. Dillali ya kwatanta masa layin, shi kuma ya ratso da yamma a mota ko a babur, ya rage gudu a ƙofar gidanku, ya kalli katanga da get da kwata, ya wuce abinsa. In abin da ya gani bai kwanta masa ba, zuwa na biyu ya fasa ke nan, ko da kuwa kin shimfiɗa tayil har banɗaki.

Galibi ba marmari ke sa a sayar da gida ba. Ko rabon gado ne, ko an canza wa maigida wurin aiki, ko bashi ya taso. In gidan marayu ne, duk nairar da mai saye ya zaftare don ya ga bango ya yi dauɗa, daga rabon yara ta fita. Saboda haka kada ki ce aikin waje na maza ne. Ke ce kika san inda ruwa ke kwanciya da damina.

Fara da kwata, don hanci yakan riga ido yanke hukunci. Kwatar da ta toshe da leda, ruwan wanke-wanke ya taru ya yi kore, tana gaya wa baƙo abu biyu: akwai sauro, kuma wataƙila gidan na cin ruwa a watan Agusta. A sa yara majiya ƙarfi su yashe ta, a kwashe abin da aka yaso a ranar, kada a tara shi a gefe ya bushe ya koma ciki. In murfin sokawe ya fashe, a zuba sabo. Bolar da ke jikin katanga kuwa sai an haɗa da maƙwabta, tunda ba ku kaɗai ke zubawa ba. Ki aika wa matan layin da magana mai daɗi. Su ma darajar gidajensu ce.

Sai katanga. A nan mutane suka fi yin asarar kuɗi, domin sukan kira mai fenti ya shafe komai a rana ɗaya. Duba gindin bangon. In kin ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar kanwa, danshi ne ke tasowa daga ƙasa. Fentin da aka shafa a kan wannan ba zai yi wata biyu ba sai ya tashi. A kankare wurin, a gyara filasta, a bar shi ya bushe sosai, a kuma toshe hanyar da ruwan ke bi, sau tari indararo ne ke zuba a jikin bango. Fastocin 'yan takara da suka rage tun zaɓen 2023 da lambobin masu haƙar rijiya duk a ɓamɓare su. In kuma an taɓa rubuta cewa gidan ba na sayarwa ba ne don tsoron 'yan damfara, a tuna a goge, an sha mantawa da shi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ruwa ya ɗauke, bango ya bushe, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna. A launi, ni dai ina ba ki shawarar ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske. Fari tas yana da kyau mako guda, sai jar ƙasa ta fallatsa masa. Shuɗi mai ƙarfi ko ruwan hoda kuwa ra'ayinki ne, mai saye lissafin kuɗin sake fenti zai fara.

Get ɗin ƙarfe shi hannun baƙo zai fara taɓawa. A goge tsatsa da samfefa, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan a bi da fentin mai. A ɗiga wa maƙalai baƙin mai don ya daina kuka. A sa ƙwan fitila mai aiki a saman ƙofa, a ɗaure wayoyin lantarki da ke reto.

Bishiya kada a sare ta. Darbejiya a ƙofar gida inuwa ce da kowa ke so a zafin Afrilu. A rage rassan da suka kwanta kan kwano kawai, a share ganye. In akwai dakali, a liƙe inda ya farfashe. Awaki da turkensu su koma ciki zuwa a gama ciniki.

Yanzu dillalai a WhatsApp suke tura gida, don haka ki ɗauki hoton da kanki. Da safe, rana tana bayanki, babu shanya a kan katanga, babu mota a gaban get, ki tsaya daga tsallaken layi yadda duk fuskar gidan za ta fito.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Gyara daban, rufa-rufa daban. Siririyar tsagar filasta a liƙe ta, ba komai. Amma tsagar da ta ratsa bulo, wadda yatsa ke shiga, ko take ƙara buɗewa duk shekara, magana ce ta tushen gini. A kira magini ya duba, a kuma faɗa wa mai saye. Ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne, kuma rigimar takan dawo bayan an raba kuɗi kowa ya kashe nasa.

Kada kuma zumuɗi ya sa a ci bashi don shimfiɗa intalok ko canza get gaba ɗaya. Ki tuna akwai la'adar dillali, wadda a wurare da yawa kashi 5 cikin 100 ce, ga kuɗin takardu. Ki zauna da maigida ko magada a rubuta abin da za a kashe, kowa ya sa hannu, a ajiye rasit, a cire shi daga kuɗin gidan kafin a yi rabo.