Shagunan Littattafan Hausa na Kano

Littafin labari na Hausa, kafin ya isa gari irin Tarai a ƙaramar hukumar Kibiya, daga birnin Kano yake tasowa. A kasuwar Sabon Gari da kewayen Bata ne shagunan littattafan hikaya suka yi kaka-gida, kasuwar Kurmi kuwa an fi saninta da littattafan addini. 'Yan sari sukan ɗauko kaya daga waɗannan shaguna su bazu kasuwannin garuruwa, su shimfiɗa su a tebur ko tabarma.

Harkar ta kankama ne a shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo ya yi kasuwa ta ban mamaki. Masu suka suka raɗa wa wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano.

Shagon kansa ɗan ƙarami ne, littattafai jere har rufi, sirara, takardarsu mai araha. Akan raba labari ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke shi daidai inda ya ɗauki zafi, don mai karatu ya dawo. Mai shago ya san abin da ke tafiya, wani lokaci ma shi ke zuba kuɗin bugu. Wanda ba shi da halin saye sai ya je wurin masu haya. Matan aure kan aiki yara su karɓo musu, littafi ɗaya ya zaga gidaje har bangonsa ya yage a liƙe shi. Ta haka mata da yawa suka riƙe karatun bokon da aure ya katse musu.

An sha zargin littattafan da ɓata tarbiyya, har aka ƙona wasu a Kano a 2007. Sai dai wayar hannu ce ta fi rage wa shagunan ciniki. Yau marubuta na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, wasu a karanta a YouTube, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma tana fito da sababbin marubuta mata tun 2016. Yawancin tsofaffin littattafan ba a sake buga su ba, ya kamata jami'o'i da ɗakunan karatu su tattara su tun ba su salwanta ba.