Yaushe Ne Yaro Ke Isa A Bar Shi Shi Kaɗai?

Daga cikin mas'alolin da iyayen wannan zamani ke yawan jayayya a kansu, musamman mazauna birane waɗanda neman abinci ke fitar da uba tun da sassafe, wani zubin har da uwa, akwai wannan: shekara nawa yaro zai kai kafin ya dace a ja masa ƙofa a tafi a bar shi, ko a aike shi nesa ba tare da babba ba, ko kuwa a damƙa masa ƙannensa a ce ya kula da su har a dawo? Galibi mai tambayar adadi yake so a yanka masa, bakwai ko goma ko goma sha biyu, domin ya riƙe shi hujja hankalinsa ya kwanta. Amma duk wanda ya bibiyi abin da malamai suka faɗa, ya kuma dubi abin da hukumomin ƙasashe suka zartar, zai tarar babu adadi guda da aka yi ittifaƙi a kansa, saboda Allah bai raba wa 'ya'yan Adam hankali da mudu ɗaya ba, bai kuma zaunar da su a gidaje iri ɗaya ba.

Ƙasashen Turawa ma, duk da son da suke yi wa ƙayyade kome a rubuce, sun saɓa wa juna. A ƙasar Niyu Zilan laifi ne a bar yaron da bai kai shekara 14 ba ba tare da an yi masa tanadin kulawa mai ma'ana ba. A jihar Merilan ta Amurka haddin shekara 8 ne, wanda za a bar wa yaron kuma lalle ya kai 13. A Ingila kuwa doka ba ta ambaci shekaru ba sam, abin da ta hana shi ne barin yaro a halin da zai iya cutuwa, sai dai babbar ƙungiyarsu ta kare yara, NSPCC, ta ba da shawarar cewa wanda bai kai 12 ba da wuya ya isa a bar shi tsawon lokaci, wanda bai kai 16 ba kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro, ta ɗora wajabcin kulawa da shi da kare shi a wuyan iyaye da waliyyai. Tazarar da ke tsakanin 8 da 14 kaɗai ta isa ta nuna cewa kowace al'umma yanayinta ta duba.

Fuƙaha'unmu sun riga su tsunduma cikin wannan bincike da ƙarnuka masu yawa, ko da yake ta wata ƙofa suka shigo, watau ƙofar ibada da dukiya da reno, kuma a ganina rabon da suka yi wa ƙuruciya ya fi kowane amfani ga uba ko uwar da ke cikin wannan tunani. Sun bambanta tsakanin tamyizi, da balaga, da rushdi. Mai tamyizi, a wurin malaman Malikiyya, shi ne yaron da ke fahimtar magana in an yi masa, ya kuma mayar da jawabi daidai, suka ce wannan ba ya ƙayyaduwa da shekaru, ko da yake galibi wajen shekara 7 yake bayyana. Dalili ke nan hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umurni a fara sa yara salla suna da 7, a hore su a kan barinta suna da 10, a kuma raba musu shimfiɗa. Abin lura a nan shi ne shekaru ukun da ke tsakanin umurni da horo, waɗanda aka bari don koyo da kuskure da gyara a gaban idon babba. Balaga kuwa tana da alamominta na jiki, in ba su bayyana ba sai a koma ga shekaru, 18 a mashhurin Malikiyya, 15 a wurin Shafi'iyya, kuma da ita ne taklifi ke hawa kan mutum.

Amma shari'a ba ta tsaya a balaga ba. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i an umurci waliyyan marayu su riƙa jarraba su, kada kuma su miƙa musu dukiyarsu don sun balaga kawai, sai sun ga rushdi a tare da su, watau iya tattali da sanin abin da zai amfane su da abin da zai cuce su. Malamai kuma suka yi bayanin yadda jarrabawar take, suka ce ɗan attajiri da ciniki ake gwada shi, ɗan manomi da sha'anin gona, kowa da irin abin da za a damƙa masa, kuma ba sau ɗaya ba, sai an maimaita har zato ya rinjaya cewa dacewar da ya yi ba katari ba ce. To, idan dukiya, wadda in ta salwanta ana iya mayar da ita, ba a sakar wa baligi sai bayan gwaji, ina ga ran yaro da na ƙannensa? Tarihi ma ya nuna haka a aikace, domin ranar Uhudu an mayar da Abdullahi ɗan Umar gida yana ɗan shekara 14, aka karɓe shi ranar Handaƙu yana da 15. Rafi'u ɗan Hadiju kuwa an bar shi ya fita Uhudu ne bayan an shaida ya iya harbi, Samuratu ɗan Jundubu kuma bayan an ce yana kayar da Rafi'u a kokawa. An dubi shekaru, an kuma dubi iyawa.

Wani zai ce, ai mu haka muka tashi, muna yawo a unguwa tun muna 'yan shekara biyar, ana aikenmu kasuwa, muna kai niƙa, muna dandali da farin wata, ba abin da ya same mu. Gaskiya ne, har wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Enid Schildkrout, da ta zauna a birnin Kano cikin shekarun 1970, ta rubuta yadda yara suka zama ƙafafun matan kulle, su ne masu sayo cefane, su ne masu talla, su ne masu kai saƙo gida gida. Sai dai mai wannan hujja ya manta cewa yaron wancan zamani, duk inda ya sa ƙafa, a cikin idon manya yake. A gida akwai kaka, da abokiyar zaman uwa, da matan 'yan'uwan uba. A zaure akwai malam da almajiransa, ko maɗinki, ko dattijon da ba ya zuwa ko'ina. A bakin hanya akwai mai tebur da ya san yaron ya san ubansa har kakansa, wanda in ya gan shi ya nufi kududdufi zai daka masa tsawa, in ta kama ya tsinka masa bulala, uban kuma in ya ji sai ya yi godiya, saboda a lokacin maganar nan ta cewa ɗa na kowa ne aiki ake yi da ita. Lungunan kuma jaki da keke ne ke bin su.

Yau fa? Magidanci ya kama hayar ciki da falo a sabuwar unguwa inda bai san sunan maƙwabcinsa na katanga ba, kakar yara tana ƙauye, ƙofa ta ƙarfe ce, tagogi an yi musu ragar ƙarfe saboda ɓarayi, lungun da ake wasa a cikinsa ya zama hanyar babura da A Daidaita Sahu, wanda kuma ya kuskura ya tsawata wa ɗan wani yana iya kwana a ofishin 'yan sanda. Idanun da ke gadin yara sun watse, amma al'adar sakin yaran ta zauna daram, kuma a tsakanin waɗannan biyu ne musibu ke shigowa. Mutanen Kano ba su manta da shekarar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka ba da sanarwar gano yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka kai su Anaca ta jihar Anambra.

Duk da haka, ɓarawon yara ba shi ne ya fi yawan halaka su ba. Abin da ke cikin gida ya fi shi ɓarna, don ba a jin tsoronsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa a ruwa ta fi kashewa, kuma ba sai kogi ba: rijiyar da ba murfi, da duron ruwa, har bokitin wanki sun isa, domin kan ƙaramin yaro ya fi sauran jikinsa rinjaye, in ya leƙa ya kifa ba ya iya ɗagowa, ba ya kuma iya ihu, cikin 'yan mintoci kaɗan sai a tarar aikin gama ya gama. Sai kananzir da ake zubawa a robar lemo, da fiya-fiya, da shinkafar ɓera da ake ajiyewa a ƙarƙashin gado. Sai kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu, da janareta a kusa da taga, waɗanda ke fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, tana iya kashe mutum yana cikin barci. Sai hita ko dutsen guga da aka bari a jone don an ɗauke wuta, aka kawo ta bayan manya sun fita, alhali an kulle yara ta waje da kwaɗo, mabuɗi yana jakar uwa a gidan biki. Wannan kulle ta waje, wanda iyaye ke ɗauka kariya ce, shi ne mafi munin abin da ake yi, domin ya hana yaro fita ya kuma hana mai ceto shiga. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a kashe fitilu in za a kwanta, a rufe ƙorai, a kuma tsare yara a gida in almuru ta yi, kamar yadda Buhari da Muslimu suka ruwaito; da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare kuwa, sai ya siffanta wuta da cewa abokiyar gaba ce.

Akwai kuma wani kuskure da ya fi yaɗuwa a cikinmu, shi ne zaton cewa yaron da ya isa ya kula da kansa ya isa ya kula da wani. Yarinya 'yar shekara 8 tana iya zama lafiya ita kaɗai na ɗan lokaci, amma a ɗaura mata goyo, a bar mata mai rarrafe da tukunya a kan risho, wannan ɗora mata amanar da Allah bai ɗora mata ba ne. In kuwa ƙaddara ta faɗa, ita za a bari da ciwon abin har tsufanta, alhali sakacin na manya ne. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, da ya zo sharuɗɗan mai reno, ya ambaci hankali, da iya ɗaukar nauyin aikin, da amana, da rushdi, har ya fitar da tsohuwar da tsufa ya hana ta tsayuwa da lamarin yaro. Idan an fitar da kaka saboda rauni, da wace hujja za a shigar da jikarta wadda ko haƙoranta ba su gama famfara ba?

Ban faɗi wannan don a tsare yara a ɗaki kamar fursunoni ba, domin wancan gefen ma ɓarna ne, kuma ya fara bayyana a gidajen masu hali, inda za ka ga saurayi ya gama sakandare bai taɓa shiga kasuwa shi kaɗai ba, bai iya kunna risho ba, sannan rana ɗaya a ɗauke shi a kai shi jami'a a wani gari a ce ya riƙe kansa. Irin wannan yaro galibi an miƙa masa waya tun yana ƙarami, iyaye suna murna yana gabansu, ba su san cewa ta intanet ya fi mai yawon dandali nisa ba.

Hanyar da ta dace ita ce wadda ayar marayu ta nuna, gwaji kaɗan kaɗan. Wanda bai kai tamyizi ba, ba a barinsa ko na zuwa maƙwabta ɗebo wuta. Daga 7 zuwa 10 a fara aikensa kusa, inda ba tsallaka kwalta, tun da likitocin yara a Amurka ma sun yi gargaɗin cewa wanda bai kai 10 ba bai iya kintata gudun mota da nisanta ba. A koya masa sunan ubansa cikakke, da unguwarsu, da lambar waya, da cewa ba ya bin kowa ko da ya san fuskarsa sai da izinin gida. Daga nan a fara barinsa rabin sa'a da rana, ƙofa a hannunsa, wani babba na kusa ya san an bar shi, in an dawo a tambaye shi wa ya zo, me ya yi, a kuma jefa masa tambayoyi irin su: in wuta ta kama ina za ka bi, in ƙaninka ya sha wani abu wa za ka kira? Wanda ya amsa da natsuwa, ya kuma saba faɗin gaskiya ko da ya yi ɓarna, a ƙara masa lokaci. Wanda ya ce yana jin tsoro kuwa a gaskata shi, kada a kira shi rago. Renon ƙanne na sa'o'i sai ya kusa balaga, kwana shi kaɗai kuma sai bayanta. Wannan ma'auni kuwa bai kamata ya tsaya ga 'ya'yan da ke gabanmu ba, domin 'yar tallan da ke yawo a tasha bayan isha'i, da almajiri ɗan shekara 6 da aka kai wani gari aka bar shi ya nemi abincinsa, su ma 'ya'yan wasu ne, shekarunsu kuma ba su ƙaru don an raba su da gida ba.

Saura kira ga magidanta, musamman na sababbin unguwanni: kowa ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa, ya san shi, ya nuna masa 'ya'yansa, ya ba shi lambar wayarsa, ya kuma ba shi izini a fili cewa in ya ga ɗaya daga cikinsu a inda bai dace ba ya tsawata masa ya koro shi gida. Iyaye mata kuma, don Allah, ranar da larura ta sa dole a fita a bar yara, a kashe risho, a zare abin da ke jone, a rufe rijiya, a bar mabuɗi a hannun maƙwabciya.