Kafin A Yi Wa Muƙamuƙi Fiɗa

Mun saba ganin sanyin gaɓoɓi a gwiwa da yatsu, amma yakan ci gaɓar muƙamuƙi ma, nan gaban kunne. Sai haɓa ta ja baya, haƙoran gaba su ƙi haɗuwa, tauna ta gagara.

Likita yana iya yanka ƙashin ya daidaita shi. Amma in ciwon bai kwanta ba, gaɓar za ta ci gaba da zaizayewa, gyaran ya lalace. Magani irin su prednisolone yakan jinkirta warkewar rauni. Ƙashin wuya kuma yakan yi sako-sako, har tanƙwara shi lokacin sa barci ya taɓa laka.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu bar likitan gaɓoɓi da mai fiɗa su shawarta tukuna. Kada mu daina shan magani da kanmu. Sauri ya haifi nawa.