Kisan 'Yan Ƙwadago a Kolombiya: Ina Masu Ba da Umarni?

A ranar 12 ga Maris, 2001, 'yan bindiga suka tare motar da ke kai ma'aikatan mahaƙar kwal ta kamfanin Drummond gida, a jihar Cesar ta arewacin Kolombiya. Mutum biyu suka sauko da su: Valmore Locarno, shugaban ƙungiyar ma'aikatan, da mataimakinsa Víctor Orcasita. Locarno nan take aka harbe shi, Orcasita kuwa gawarsa aka tsinta daga baya. Gustavo Soler da ya gaji kujerar, shi ma a watan Oktoba na wannan shekara aka kashe shi.

Wannan ta'asa tsohuwa ce a ƙasar. Tun a Disambar 1928 sojoji suka buɗe wa ma'aikatan gonakin ayaba na United Fruit wuta a garin Ciénaga, suna cikin yajin aiki. Cibiyar nazarin ƙwadago ta ENS da ke Medellín ta tattara sunayen 'yan ƙwadago sama da 3,000 da aka hallaka tun daga shekarun 1970, kuma malaman makaranta na ƙungiyar FECODE ne abin ya fi ci. Inda aka gano maharan, galibi dakarun sa-kai ne irin na AUC, ko da yake 'yan tawaye da jami'an tsaro ma hannunsu bai fita ba. Salon kusan ɗaya ne: a laƙaba wa shugaban ƙungiya sunan ɗan tawaye, takardar barazana ta biyo baya, sai masu babur su zo.

Matsin lamba daga waje ya sa gwamnati ta motsa. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya tsakaninta da masu kamfanoni da ma'aikata a ƙarƙashin Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, aka ware masu gabatar da ƙara na musamman. A 2011 aka kafa hukumar kariya ta UNP, mai raba rigar sulke da masu gadi da motocin da harsashi ba ya huda su. Kisan ya ragu ƙwarai daga sama da 200 da aka yi a 1996, amma bai tsaya ba.

Dalili shi ne an kashe maciji ba a sare kansa ba. Mai gadi yana kare mutum ɗaya, wanda ya biya kuɗin kisan kuwa yana gidansa. Mafi yawan shari'o'in ba su kai ga hukunci ba, waɗanda suka kai ɗin ma sau da yawa a kan ɗan aike suke tsayawa. Dokar Adalci da Zaman Lafiya ta 2005 ta ƙayyade wa kwamandojin AUC ɗaurin da bai wuce shekara 8 ba idan sun faɗi gaskiya. Suna cikin fallasa abokan hulɗarsu aka kwashe 14 daga cikinsu zuwa Amurka a Mayun 2008 kan safarar ƙwaya.

Duk da haka, akwai shaidar cewa ana iya kaiwa sama. A 2011 Kotun Ƙoli ta ɗaure Jorge Noguera, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri ta DAS, shekara 25 saboda haɗa baki da AUC. A 2013 aka ɗaure Jaime Blanco, ɗan kwangilar abincin mahaƙar, kan kisan Locarno da Orcasita, bayan shekara 12; kamfanin Drummond dai ya musanta hannu. Kamfanin ayaba na Chiquita kuma ya amsa a 2007 cewa ya biya AUC dala miliyan 1.7.

Darasin a fili yake. Dole a binciki kowane kisa tare da rikicin aikin da ya gabace shi, a bi sawun kuɗi, a kare shaidu, masu mulki kuma su daina kiran ɗan ƙwadago maƙiyin ƙasa. Darasin ya shafi Nijeriya ma: ta amince da yarjejeniyoyin ILO na 87 da 98 kan 'yancin ƙungiyoyin ma'aikata tun 1960, amma a Nuwamban 2023 aka lakaɗa wa shugaban ƙungiyar ƙwadago ta NLC duka a Owerri. Matuƙar mai ba da umarni bai ji tsoron kotu ba, ma'aikaci zai ci gaba da biyan haƙƙinsa da jininsa.