Tsohuwar libarbar gado: Abin da magada ya kamata su sani kafin su taɓa ta

A tsofaffin unguwannin Kaduna irin su Unguwar Kanawa da Kawo da Unguwar Shanu, inda tsoffin sojoji da 'yan sanda suka yi zaman ritaya, akan samu magada su buɗe akwatin ƙarfen mahaifinsu su tarar da ƙaramar bindiga mai juya harsashi, wato libarba, naɗe cikin tsumma, tsatsa ta cinye ta.

Abin da ke fara zuwa wa matasan gidan shi ne su kankare ta, su zuba mata mai, su gwada ko tana tashi. Daga nan matsala ke farawa.

Kaduna gari ne da soja suka kafa. Rundunar Turawan mulkin mallaka ta sauka a nan tun kafin garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917, kuma libarba ƙirar Webley ita ce hafsoshin Birtaniya ke ratayawa tun daga 1887. 'Yan Arewa da dama sun yi yaƙin Bama, wasu kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ba abin mamaki ba ne wasu makaman wancan zamani su maƙale a gidaje.

Me doka ta ce?

Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Sun bambanta da bindigar farauta, wadda lasisinta ke hannun 'yan sanda. Hukuncin mallakar haramtaccen makami ba tare da izini ba ɗaurin aƙalla shekara 10 ne, kuma lasisin mamaci ba ya zama na magajinsa.

Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta sai a wuraren da hukuma ta amince. Ke nan wanda ya kwance ta a ɗakinsa ya yi laifi, wanda kuma ya kai wa maƙeri ko mai walda a Panteka ya jawo wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba.

Masu kallon bidiyon gyaran tsofaffin bindigogi a YouTube sukan manta cewa dokar kowace ƙasa daban take. A Amurka, dokar tarayya na ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. A Najeriya tsufan libarba ba ya fitar da ita daga jerin.

Haɗarin da ido ba ya gani

Tsatsa ba a sama kaɗai take tsayawa ba, tana cin ƙarfe ta ciki. Bindigar da aka goge tana walƙiya na iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Tsohon harsashi kuma yakan yi jinkirin tashi, mutum ya zaci ya mutu, sai ya juyo da bakin bindigar ya fashe. Haka kuma babu tabbacin marigayin ya cire harsasai kafin ya ajiye ta.

Ko ta fuskar tarihi, kankara ɓarna ce. Ƙananan tambura da lambobin da ke jikin ƙarfen su ne ke nuna masana'anta da shekarar ƙira, wani lokaci har da rundunar da ta riƙe ta. Takardar yashi na share su cikin mintuna.

Mafita

Hanya mafi aminci ita ce a bar ta yadda aka gan ta, a nesanta yara, kada a taɓa kunamarta. Sai babban gida ya sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ba tare da ya ɗauke ta ya fita titi ba. Akwai kuma Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Iyalin da ke son sunan mahaifinsu ya ɗore na iya tuntuɓar Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, ko Arewa House da ke titin Rabah, da hotunansa da lambobin yabo da takardar sallamarsa daga aiki. Waɗannan ne gadon da jikoki za su nuna wa kowa ba tare da fargaba ba.